Butan, Gas ɗin Girki, MAP-Pro ko Kabaid: Wanne Ya Dace da Ƙaramar Bonarka?

Wata Asabar da hantsi ɗan yayata ya iske ni a gida nan Fadaman Mada, waya a hannu, yana nuna mini hoton wata 'yar silinda mai launin ruwan ɗorawa. "Kawu, ka ga wannan? An rubuta wutarta ta haura digiri 2,000. Ita zan saya." Yaron ya fara sha'awar ƙera zoben azurfa da gyaran 'yan kunne, aikin da ni ma nake taɓawa da yamma idan na taso daga ofis, shekara goma sha biyu ke nan. Na tambaye shi me zai yi da wannan wuta. Ya ce zobe. Na ce ya ajiye wayar ya zauna, domin tambayar ba ta amsuwa a tsaye.

Abin da ke ruɗin sabon shiga shi ne lambar digirin da ake bugawa a jikin kwali. Idan bona, wato na'urar da ke hura wutar gas, da iskar sarari take ci, ba da oksijin na silinda ba, harshen wutar butan yana kaiwa wajen digiri 1,970 a ma'aunin Salsiyas, na furofen wajen 1,980, na MAP-Pro kuwa, wato gas ɗin silindar da yaron ya nuna mini, wajen 2,050. Tsakanin na farko da na ƙarshe ko digiri 100 babu. Azurfa zalla tana narkewa a 962, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085. Ka ga ke nan duka ukun sun wuce abin da ake bukata nesa ba kusa ba. To me ya sa wani zai kwashe minti goma yana gasa bututun jan ƙarfe amma sandar liƙi ta ƙi gudana? Saboda zafin harshen wuta daban, yawan zafin da ke shiga cikin ƙarfe daban. Wutar ashana tana da zafi, amma ba ta tafasa tukunyar wake. Azurfa da jan ƙarfe kuma su ne ƙarafan da suka fi kowanne saurin kwashe zafi su watsa shi, kana zubawa ta nan yana tsiyayewa ta can.

Dattijon da ya koya mini wannan aiki, wani maƙerin farfaru da ke zaune a wajen Wunti, shi ya fara nuna mini haka. Na kai masa kuka cewa bonata ba ta da ƙarfi, zobe mai kauri ya gagare ni. Bai ce komai ba. Ya ɗauko gawayi mai faɗi, ya ƙwaƙule tsakiyarsa da wuƙa, ya kwantar da zoben a ciki, ya jingina guntayen bulon wuta biyu a baya da gefe. Ya karɓi bonar tawa, ita dai wadda nake raina wa, ya zagaya zoben gaba ɗaya da wuta har ya yi ja-ja irin na garwashin da ya fara kwanciya, sannan ya matso wurin haɗin. Sinadarin ya yi ƙyalli ya zarce cikin tsagar kamar an ja shi da zare. Ya miƙo mini da awartaki ya ce, "Ɗana, wutarka ba ta da laifi, ɗaki ne ba ka gina mata ba." Na ce, "Na gode, Baba." Kalmar sinadari ma da muke ji yau a bakin likitoci da masu girki, a maƙera sunan abin da ake liƙa ƙarfe da shi ne.

Saboda haka kafin ka tambayi wane gas, tambayi kanka girman ƙarfen da za ka riƙa gasawa.

Idan aikinka zobe ne, sarƙa, ɗan kunne, firam ɗin tabarau ko liƙa waya da dalma, butan ya ishe ka. Dalmar liƙin waya tana narkewa tun a digiri 183, sinadarin azurfa kuwa tsakanin 600 da 800 gwargwadon irinsa. Akwai 'yar bonar hannu da ake yi wa ɗuri da gwangwanin gas ɗin laita, akwai kuma kan bona da ake maƙala wa dogon gwangwani mai giram 220, irin na murhun tafi-da-gidanka. Ta farkon harshenta siriri ne mai tsini, ita ce ta aikin sarƙa. Ta biyun wutarta ta fi faɗi, tana iya ɗaukar zobe mai kauri ko awarwaro idan ka gina mata ɗakin nan na Baba. Babu tiyo, babu ragaleta, wuraren da gas zai yoyo kaɗan ne, shi ya sa nake so kowa ya fara da ita.

Rauninsa biyu ne. Butan yana tafasa ne a kusan digirin da ruwa ke daskarewa, matsinsa kuma ba shi da yawa, wajen ba 2 a digiri 20 ("ba" shi ne ma'aunin matsin gas). Idan ka daɗe kana aiki gwangwanin zai yi sanyi a hannunka har ya yi raɓa, wutar ta fara lanƙwasa. Da sanyin safiyar hunturu abin ya fi bayyana. Maganinsa ka kashe ka jira, ko ka sauya gwangwani. Kada ka kusantar da shi wuta don ya ɗumama. Sannan idan ka karkata gwangwanin da yawa, ruwan gas ne zai biyo maimakon tururinsa, sai ka ga wuta ja ta yi tsalle tsawon kamu guda. Mai babbar riga ko mayafi a kusa ya san abin da hakan ke nufi.

Rauni na biyu shi ne wanda ya shafe mu mu mutanen Bauchi da Gombe kai tsaye, wato zafi. A watannin Maris da Afrilu muna ganin digiri 40 a inuwa. A wannan zafi matsin butan ya kusa ninka na digiri 20, gwangwanin kuwa ɗan siririn ƙarfe ne, galibi an rubuta a jikinsa kada a bari ya haura digiri 50. Cikin motar da aka rufe a rana yana wuce haka cikin sauƙi, haka ma shagon kwano marar silin. Na taɓa sayen gwangwani biyu, na bar su a kujerar baya na shiga cefane kasuwar Muda Lawal, na daɗe. Da na dawo na taɓa ɗaya na janye hannu, gindinsa da ke lotse ciki ya bulluƙo waje har ba ya iya tsayuwa. Bai fashe ba, Allah ya tsare, amma ranar yarana biyu ne za su zauna a kujerar nan. Tun daga lokacin a jaka nake ratayo su, a gida kuma suna ƙasan kanta a inuwa, nesa da murhu.

Wata ɗabi'a da ta fara yaɗuwa ita ce sake cika irin wannan gwangwani daga tukunyar girki da ɗan mahaɗin da ake sayarwa. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Gwangwanin an yi shi ne don a yi amfani da shi sau ɗaya, kuma don butan. Gas ɗin girki yana iya zuwa da furofen a ciki, shi kuwa furofen a digiri 40 matsinsa ya haura ba 13, fiye da ninki uku na butan. Ba ka san adadin da ke cikin tukunyarka ba, ba ka kuma san lokacin da gwangwanin ya cika maƙil ba.

Wannan ya kawo mu ga gas ɗin girkin kansa, wanda a ganina shi ne dokin aiki ga duk wanda ya wuce matakin zobe. Ana samunsa a kowace unguwa, daga Yelwa har Jahun, a Gombe daga Pantami har Tudun Wada, kuma idan aka auna da kilo babu wanda ya kai shi araha cikin duk waɗanda nake lissafawa. Galibi cakuɗe ne, butan ya fi yawa a irin wanda ake sayarwa a ƙasar nan. Tukunya mai kilo 3 ko 6 tana kai mai aikin yamma watanni. Da bona mai faɗin baki za ka tausasa azurfa kafin ka buga ta, ka liƙa tagulla, ka kwance ƙusar da tsatsa ta cinye, ka narkar da ɗan guntun azurfa a kasko idan ka killace shi da bulo.

Sai dai a nan ne kayan haɗi suke da muhimmanci, a nan ne kuma mutane suke tsumulmular da ke jawo nadama. Ragaletar murhun girki tana sakin gas ne a wajen miliba 30 (miliba 1,000 ne ba 1), wanda bai isa yawancin bonar aiki ba. Da mutum ya ga wuta ta fito lagwas sai ya cire ragaletar ya haɗa tiyo kai tsaye da tukunya. Wato ya ɗora dukkan matsin tukunyar a kan roba da igiyar taya. Abin da ake bukata shi ne ragaleta mai babban matsi wadda ake murɗawa a ƙara ko a rage, da tiyon da aka yi don wannan gas, wanda yawanci ruwan lemo ne, da maɗaurin ƙarfe a kowane baki. Tiyon ruwa ko na fetur ba ya maye gurbinsa. Jan tiyon asitilin ma, wato gas ɗin masu walda, akwai irinsa da gas ɗin girki yake cin robarsa a hankali. Duk ranar da ka sauya tukunya, kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowane haɗi. Inda ka ga kumfa tana tasowa tana girma, a nan yake fita. Ba a gwaji da ashana.

Abin da nake so kowa ya riƙe game da butan da furofen shi ne sun fi iska nauyi, furofen sau ɗaya da rabi, butan sau biyu. Idan suka yoyo ba sa tashi sama su bi taga. Ƙasa suke kwanciya kamar ruwa, su gangara ƙarƙashin gado, cikin lambatu, bakin rijiya, duk inda ya fi kwari. Lita ɗaya ta ruwan gas tana zama tururi wajen lita 250, kuma kashi 2 kacal cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama. Yanzu ka tuna yadda gidajenmu suke. An ɗauke wuta, an bar soket a kunne, firji na tsaye a lungu, injinsa kuma a ƙasa yake, daidai inda gas ɗin ya kwanta. Tsakar dare aka kawo wuta. Wannan ne dalilin da ya sa tukunyar aikina ba ta kwana a ɗaki, tana rumfa a tsakar gida, a tsaye, bawul a rufe. Warin da kake ji ma ba nasa ba ne, wani sinadari ake zuba masa da gangan don hanci ya gane. Idan ka ji shi, rufe tukunya, buɗe ƙofa da taga, kada ka kunna ko ka kashe wani makunni, ka fitar da yara.

Wajen ɗuri ma a lura. Ƙa'ida ita ce a cika tukunya zuwa kashi 80 cikin 100, a bar wa ruwan wurin kumbura idan zafi ya taso. Wani mai sayar da gas ya taɓa ɗura mini fiye da kima yana ganin alheri ya yi mini, har yana cewa, "Alhaji, na yi maka gyara." Da rana ta take sai na ji tukunyar tana huci ta bawul. Na mayar masa ya rage. Nauyin tukunya babu komai a ciki yana nan a buge a jikinta, ka haɗa shi da kilon da ka biya, ka duba sikeli da idonka. Shekarar ƙira ma tana nan. Hukumar SON ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, kuma wadda gindinta ya yi tsatsa ko aka taɓa yi mata walda ba ta cancanci shiga gida ba ko da shekarunta ba su cika ba.

Ita kuma silindar da ɗan yayata ya gani fa? Asalin gas ɗin da ake kira MAPP an daina yin sa a Arewacin Amurka tun 2008. Abin da ke cikin silinda ruwan ɗorawa a yau, wato MAP-Pro, kusan duka wani gas ne mai suna furofilin, giram 400 a kowace. Gaskiya yana da sauri, zafinsa ya fi taruwa a tsakiyar harshe, shi ya sa masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki suke son sa. Suna hawa tsani da shi a hannu ɗaya, su liƙa bututun jan ƙarfe kafin zafi ya bi bututu ya lalata abin da ke kusa. Amma daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, ba a sake cika silindar, kuma ba kullum za ka same shi a gari ba. Ga mai ƙera zobe kuwa illa ce ma, kafin sabon hannu ya ankara ɗan kunnen mutane ya dunƙule ya zama ƙwallo. Idan sana'ar gyaran firji ce kake nufi, saye shi. Idan sha'awa ce ta yamma, kuɗin silinda biyu sun saya maka ragaleta da tiyo na ƙwarai.

Tunda maganar firji ta zo, akwai abin da ba zan tsallake ba. Yawancin sababbin firjin gida suna aiki ne da R600a, wanda ɗan gidan butan ne, yana kama wuta. Wasu na'urorin sanyi kuma R290 ne, wato furofen tsantsa. Duba takardar da ke manne a bayan firji kafin ka kusantar da wuta, kuma ba a gasa bututun da ba a zuƙe shi an kore shi da naitirojin ba. Tsofaffin gas irin su R22 ba sa kamawa haka, amma idan suka ratsa wuta suna fitar da hayaƙi mai guba.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu wuta ce mai cin iskar sarari, wadda kashi 21 ne kawai nata oksijin, sauran kuwa yawanci naitirojin ne da ke kwashe zafi ba ya ba da komai. Da zarar ka kawo silindar oksijin, lissafi ya sauya. Furofen da oksijin suna kaiwa wajen digiri 2,800, asitilin da oksijin sun haura 3,100. Da gas ɗin girki da oksijin za ka narkar da azurfa ko zinariya don zubi, ka liƙa tagulla mai kauri, ka yanka baƙin ƙarfe. Abu ɗaya ba ya yi da kyau, shi ne narkar da bakin baƙin ƙarfe biyu su haɗe, haɗin yakan fito da gautsi. Wannan aikin asitilin ne, shi ya sa masu gyaran jikin mota ba sa rabuwa da shi.

A wurarenmu asitilin yawanci daga tukunyar kabaid yake fitowa. A zuba dutsen kabaid, ruwa ya taɓa shi, gas ya tashi, farar ƙasa ta rage a gindi. Shi ne dai kabaid ɗin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin a daina nunar da mangwaro da ayaba da shi. Na san masu sana'a da suka yi shekara talatin da wannan tukunya lafiya, ina girmama su, amma ba zan ce wa mai koyo ya kai ta gidan da akwai mata da yara ba. Asitilin ba kamar sauran yake ba. Yana kamawa tun daga kashi 2 da rabi cikin 100 na iska har zuwa sama da kashi 80, kuma idan matsinsa ya wuce ba 1 yana iya tarwatsewa da kansa ko babu iska. Tukunyar da aka ƙera a bakin hanya ba ta da abin da zai tsayar da matsi idan ruwa ya yi wa kabaid yawa. Wanda ake sayarwa a silinda an narkar da shi ne a cikin wani ruwa mai suna asiton, shi ya sa ba a kwantar da ita, idan kuma ta zo a kwance sai an tsayar da ita ta huta tukuna. Haka nan ba a yi masa hanya da bututun jan ƙarfe, domin idan suka daɗe tare suna haifar da wani abu mai fashewa. Ga aikin azurfa ma ba shi da wata riba, wutarsa ta yi yawa, ga baƙin hayaƙi idan ba a daidaita ta ba.

Oksijin shi kansa ba ya ci da wuta, amma yana sa komai ya ci. Silindarsa cike tana ɗauke da ba 150 zuwa 200, don haka a ɗaure ta da sarƙa a bango kada ta faɗi. Mai ko giris ba sa taɓa bawul da ragaletarsa, har da hannun da ya taɓa baƙin mai. Ba a kaɗe ƙurar riga da shi. A kowane tiyo, na gas da na oksijin, a sa abin tare wuta, ɗan ƙarfen nan da ke hana harshe komawa baya cikin tiyo. Idan ka ga notin haɗi mai tsaga a gefensa, na gas ne, hagu ake murɗa shi, an yi haka ne don kada a rikita su. Da gas ɗin girki, shi ake fara buɗewa a kunna sannan a ƙara oksijin. Wajen kashewa a fara rufe oksijin. Wannan mataki ba na koyo daga waya ba ne, sai ka zauna gaban mai sana'a ya riƙe hannunka.

Ko wane gas ka zaɓa, yi aiki inda iska ke ratsawa. Wuta a ɗaki rufe tana tara kabon monoksaid, wanda ba shi da wari, ciwon kai da jiri ne sallamarsa. Ƙarfen da aka shafa wa zin, irin kwanon rufi da bututun ruwa, yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da dare. Wasu sandunan liƙin azurfa masu araha suna ɗauke da kadmiyam, hayaƙinsa yana lalata huhu da ƙoda, ka nemi wadda aka rubuta babu shi. Sa tufafin auduga, domin yadin roba narkewa yake ya manne a fata. Idan ka ƙone, sa wurin a ruwa mai sanyi da ke zuba na minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. Idan ƙunar ta yi faɗi ko ta taɓa fuska, a wuce asibiti.

Ɗan yayata ya saurara har aka kira azahar. Da muka dawo daga masallaci ya ce, "To Kawu, a taƙaice me zan saya?" Na ce 'yar bonar butan da gwangwani biyu, bulon wuta uku, awartaki, tabarau da bokitin yashi. Idan ya yi wata shida hannunsa ya faɗa, kuma ya ga aikin ya fi ƙarfinta, mu je tare mu zaɓi tukunya mai kilo 3 da ragaleta. Oksijin kuwa sai ranar da ya fara zubi, kuma sai Baba na Wunti ya ce ya isa.

Bayan mako biyu ya dawo da zobe a ƙunshe cikin takarda. Haɗin ya ɗan karkace, sinadarin ya taru a gefe ɗaya domin ya tsaya gasa wurin haɗin kaɗai bai zagaya zoben ba. Na ɗauko gawayi da wuƙa, na ce ya kawo bonar tasa mu sake.